Bindigar iska ko ta albarushi: wacce ta dace da mai gona a Zariya?

Bara da kaka, bayan mun kwashe masara mun jibge a sito, gafiya da ɓeraye suka mayar da gonata ta bayan Shika gidansu. Guba ba ta yiwuwa saboda kaji, tarko kuwa kwana uku ya yi yana kamu suka gane shi. Wani ƙanena da ke zaune a Samaru ya zo ya ga ɓarnar, ya ce, "Yaya, ka nemi bindigar iska mana. Ba ta ƙara, ba ta buƙatar lasisi, kuma na ga irin ta yanzu har barewa tana kayarwa." Cikin abubuwa ukun da ya faɗa, na farko ne kawai ya kusanci gaskiya. Na biyun kuskure ne da zai iya kai mutum gidan yari, na ukun kuma gaskiya ce da ba ta shafi irin bindigar da yawancinmu za su iya riƙewa ba.

Na tashi na tarar da mahaifina da bindiga mai baki ɗaya, da takardarta a naɗe cikin leda a ƙasan adakarsa, kuma na yi shekaru ina bin sa fadamun Galma farautar fakara da zabin daji. Daga baya na saba da ta iska. Saboda haka duk wanda ya tambaye ni wacce zai nema, nakan fara da tambayarsa: me za ka harba, a ina, kuma su wa ke kwana kusa da wurin?

Amma kafin a kai can, a fara da hukuma, domin a nan ne mutane suka fi ruɗuwa. Dokar makamai ta Najeriya, wadda aka kafa tun 1959 kuma har yau ita ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku. Kashin farko na haramtattu ne: bindigogin yaƙi, masu sarrafa kansu, da ƙananan bindigogin hannu, waɗanda ba mai riƙe su sai da izinin Shugaban Ƙasa. Kashi na biyu na bindigogin da mutum zai iya mallaka da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. A cikinsa ne bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu take, kuma a cikinsa ne, a rubuce ƙarara, aka sanya bindigar iska. Kashi na uku na bindigogin ɗuri ne, irin bindigar toka da 'yan bindigar Sarki ke bugawa ranar hawan Sallah, waɗanda al'amarinsu ke hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ke nan a idon doka, bindigar iska da bindigar farauta mai harsashi layi ɗaya suke bi, ofis ɗaya, takarda iri ɗaya. Wanda aka kama da ɗaya daga cikinsu babu lasisi yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 5. Dokar ta kuma hana a ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda aka hukunta kan laifin tashin hankali cikin shekara 5 da suka wuce.

Ruɗanin ya samo asali ne daga bidiyon da matasanmu ke kallo a waya. A Ingila, bindigar iskar da ƙarfinta bai wuce jul 16 ba (jul shi ne ma'aunin ƙarfin harbi), baligi yana sayenta ba tare da lasisin bindiga ba. A Jamus iyakar jul 7.5 ce. A yawancin jihohin Amurka ma ba a lissafa ta cikin bindigogi. Mu tamu dokar ba ta yi wannan rangwame ba, ba ta ce mai rauni ta fita ba. Ƙaramar bindigar iska ta hannu ma tana cikin kayan da kwastan suka haramta shigo da su kwata-kwata. Wanda ya ga talla a intanet ya tura kuɗi a aiko masa daga waje, kayan ba za su wuce tashar jirgi ba, shi kuma sunansa da lambarsa suna jikin kwalin. Ga shi kuma saboda halin tsaro, rundunar 'yan sanda ta sha dakatar da bayar da sabon lasisi. Don haka matakin farko ba kasuwa ba ne, hedikwatar 'yan sanda ce ta jiha a Kaduna, a ji ko ƙofar a buɗe take. In a rufe take, zancen ya tsaya nan har a buɗe.

To, mu ɗauka an samu takarda. Mene ne bambancin abubuwan biyu?

Bindigar albarushi wuta take tayarwa. Ka ja kunama, albarushi ya kama a cikin kwanso, hayaƙinsa ya tunkuɗa harsashi. Ƙarfin yana cikin harsashin da ka saya, bindigar bututu ce kawai da ke riƙe shi. Ita kuwa ta iska, ƙarfin yana jikinta, abin da take tofarwa 'yar dalma ce da ba ta da komai a ciki, nauyinta tsakanin rabin giram zuwa giram ɗaya. Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai mai karyawa, wadda za ka lanƙwasa bakinta ka danne wani ƙaƙƙarfan sifirin, in ka harba ya saki ya matse iska ta fita da dalmar. Akwai kuma mai tanki, wadda ake ɗura wa iska a matse tun kafin a fita, ta yi ta sakinta kaɗan-kaɗan, harbi bayan harbi. Masu tankin nan su ne ake nufi idan an ce bindigar iska mai ƙarfi. Ba sabon abu ba ne yadda ake zato: tun wajajen 1780 sojojin Ostiriya suka riƙe wata mai suna Girandoni, mai cin ƙwayar dalma kusan 20 a ɗuri ɗaya. Abin da ya sa suka ajiye ta daga baya shi ne wahalar famfo da wahalar gyara, kuma waɗannan matsaloli biyu har yau su ne ke bin jikokinta.

A auna ƙarfin a gani. Mai karyawa ta yau da kullum tana tsakanin jul 16 zuwa 30 da wani abu. Mai tanki da ke cin dalma mai kaurin milimita 5.5 takan kai jul 40 zuwa 60. Ƙaramin harsashin raifal na albarushi da aka fi sani, mai wannan kaurin dai, yana fita da kimanin jul 150. Bindigar farauta mai lamba 12 (lambar faɗin bakinta ke nan), irin ta mahaifina, tana kai wa jul 2,000. Tazarar ba 'yar kaɗan ba ce. Gaskiya ne akwai manyan bindigogin iska masu bakin milimita 9 zuwa sama da 11 da ke ba da ɗaruruwan jul, kuma a Amurka ana farautar manyan namun daji da su, su ne ƙanena ya gani. Sai dai harbi kaɗan suke yi tankin ya sauka, suna da ƙara ba laifi, kuɗinsu ya fi na bindigar albarushi mai kyau, kuma wanda zai gyara su sai an yi da gaske kafin a same shi. Ban ga abin da manomin Zazzau zai yi da irinsu ba.

Mutum zai ce to ai ta albarushi ta yi nasara. Ba haka ba ne, domin ƙarfin da ya wuce buƙata shi kansa matsala ne. Ka tsaya a cikin sito, buhunan masara a gefe, rufin kwano a sama, kejin kaji a bayan bango, ga gafiya a kan katako. In ka sakar mata mai lamba 12, ka kashe gafiya, ka huda buhu goma, ka yayyage kwano, kajin da ke ƙwai su firgita su rage na kwana biyu. Sannan ƙarar. A yadda ƙasar nan take yanzu, daga Giwa har Birnin Gwari mutane da kunne ɗaya suke barci. Harbi ɗaya cikin dare a bayan Shika ya isa ya tashi ƙauye uku, mata su kwashi yara su yi daji, 'yan sintiri su fito da shiri, kai kuma ka kwana kana bayani. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi ne babban dalilin da ya sa na karkata ga ta iska a aikin gona. Ƙararta kamar an buga ƙusa ne da guduma sau ɗaya. Dalma ɗaya take fitarwa, inda ka saita nan take zuwa, kuma a tazarar mita 20 zuwa 30, mai hannu zai iya samun kan ɓera. Mai tanki a hannun gwani tana kai wa mita 50 ba ta kauce ba.

Haka in ana maganar kurege da ke tone gyaɗa, da hasbiya da kurciya da ke sauka a shanyar hatsi, da zomo. Duk waɗannan abincin bindigar iska ne, musamman mai milimita 5.5. Mai 4.5 ta fi miƙewa a tafiya, ita ce ma ake gasar saiti da ita a wasannin Olamfik a tazarar mita 10, amma dalmarta ta yi sauƙi, takan ratsa gafiya ta wuce ta bar ta da rai. Wanda kuma yake tunanin jan baki, ya cire bindiga daga lissafi gaba ɗaya. Tsuntsun da ke zuwa dubu-dubu kan gero da shinkafa ba a yaƙarsa da harbi, ko da wace iri ce.

Inda ta iska take gazawa shi ne abu mai tashi da abu mai girma. Fakara ta tashi fir daga cikin ciyawa, ba ka da lokacin saiti, abin da kake buƙata shi ne ƙwayoyi masu yawa da za su bazu su tare ta, kuma wannan aikin bindigar farauta ne, a cikin mita 35 zuwa 40. Gada, gyazbi babba, birin da ya addabi gonar rake ko masara, duk sun fi ƙarfin mai karyawa. Harbinsu da ita zalunci ne: dabba ta tafi da dalma a jiki ta mutu bayan kwana uku a rami. Akwai kuma wajen halacci, wanda maharbanmu na da ba sa wasa da shi. Hadisin Adiyyu bin Hatim ya bambance tsakanin makamin da ya huda dabba da wanda ya buge ta da faɗinsa ta mutu, na farko ana ci, na biyu mushe ne. Dalmar da ta yi nisa har ƙarfinta ya ƙare bugu take yi, ba huda ba. Shi ya sa nake riƙe wuƙa a aljihu, in yi bisimilla kafin harbi, in kuma na tarar da abin da sauran rai in yanka. Wanda yake son tafsili ya zauna da malaminsa. Kuma lasisin bindiga ba lasisin harbin komai ba ne: gandun daji irin na Kamuku an hana farauta a cikinsa, akwai kuma namun da doka ta kare ko a ina aka gan su.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, wato riƙo da kulawa a yanayi irin namu. Bindigar farauta mai baki ɗaya kusan ba ta da abin lalacewa. Ka goge bakinta bayan harbi, ka shafa mai saboda damina, za ta kai jikanka. Mai tanki kuwa 'yar gata ce. Ana ɗura mata iska har ma'aunin bar 200, wasu har 300, alhali tayar mota bar 2 da ɗan abu take ɗauka. Injin mai faci na bakin titi ba zai iya ba, ko kusa. Sai famfon hannu na musamman, wanda za ka yi ta dannawa ɗaruruwa kana gumi in tankin ya sauka sosai, ko ƙaramin kwamfaresa mai tsada da ke son wuta tsayayya, abin da mu a nan muka san yadda yake. Duk ƙarfinta ya rataya ne a kan wasu ƙananan zobban roba da ke toshe iska. Ƙurar hunturu tana shiga ta ci su, zafin bazara yana busar da su, laimar Agusta kuma tana bin famfo ta shiga tanki ta kawo tsatsa daga ciki inda ido ba ya gani. Zobe ɗaya ya tsage, ka wayi gari tanki babu komai, kuma ba kayan da za ka shiga kasuwar Sabon Gari ka tambaya ba ne. Na taɓa kai wata wurin wani mai gyara da ya ce ya iya, ya sa mata zoben da ba nata ba, ta yi wata huɗu a jingine kafin a samo na asali.

Abu biyu kuma ina roƙon duk mai irin wannan bindiga ya riƙe su da kyau. Kada a taɓa ɗura mata iskar oksijin ta masu walda ko ta asibiti, domin in ta haɗu da maiƙon da ke ciki a wannan matsi, fashewa take yi a hannun mutum. Kada kuma a bar ta cike a cikin mota a rana, don zafi yana ƙara matsin.

Mai karyawa ba ta da waɗannan fitintinu, hannunka shi ne famfonta. Nata sharuɗɗan kaɗan ne: ba a harba ta babu dalma a ciki, don sifirin ɗin zai daki ƙarfe ya lalace, ba a kuma ɗiga man inji a ɗakin iskarta, don yana kamawa da wuta saboda matsi ya ƙone robar. Tana da wani irin zillo, gaba da baya, wanda ke kashe madubin saiti na gama-gari cikin 'yan makonni, sai an nemi wanda aka yi dominta. Tana kuma son a saba da ita, a riƙe ta sako-sako, iri ɗaya kullum. Kamfanoni irin su Gamo na Sifen, Hatsan na Turkiyya, da Diana da Weihrauch na Jamus duk suna yin ta, na Jamus ɗin sun fi tsada sun kuma fi ƙarko. Marasa suna da ake kawowa da araha, yawanci bakinsu ba ya zama daidai bayan an karya an mayar, yau ta harbi dama gobe hagu.

Wajen kuɗi, lissafin juyawa yake yi da lokaci. Mai tanki mai kyau, da famfonta da madubinta, tana iya fin bindigar farauta mai baki ɗaya tsada a ranar saye. Amma gwangwanin dalma ɗaya yana ɗauke da ƙwaya 250 ko 500, kuɗin harsashin farauta 'yan kaɗan ne zai saye shi. Amfanin wannan ya wuce tattali. Mai bindigar albarushi yana jin ciwon kowane harsashi, don haka ba ya gwaji, sai ranar farauta yake koyon saiti a jikin dabba. Mai ta iska kuwa zai iya kafa kwali a gaban tudun ƙasa ya yi harbi 50 da yamma ɗaya, cikin wata biyu hannunsa ya faɗa.

Saura maganar da na san ita ce a zuciyar da yawa daga cikin masu tambaya, ko da ba su furta ba: tsaro. Mutum yana da iyali a gefen gari, ya ji abin da ya faru da maƙwabta, yana son wani abu a ɗaki. Na fahimci wannan tsoro, ni ma ina da 'ya'ya. Amma bindigar iska ba ta wannan aiki, kuma riƙe ta da wannan niyya ya fi zama hannu rabbana hatsari. Masu tankin zamani an ƙera su da siffar bindigar soja. Wanda ya zo da mugun nufi, da ya hango ta cikin duhu zai ɗauka ta gaske ce ya fara harbi, kai kuwa abin da ke hannunka 'yar dalma ce mai giram ɗaya. Haka in jami'an tsaro suka gan ka da ita a hanya, a gari irin Zariya mai barikoki da shingaye, ba su da lokacin tantance ko ta iska ce. Ka ɗauko wa kanka hatsarin mai bindiga ba tare da ƙarfinsa ba. Ita ma bindigar farauta, harbi ɗaya ko biyu take yi a sake ɗuri, ba a ƙera ta don tarar masu bindigar yaƙi ba. Abin da na ga yana aiki a ƙauyukan da ke kewaye da gonata shi ne haɗin kai da mai unguwa da 'yan sintirin da hukuma ta sani, katanga, fitila, kare, da lambar da za a kira a ɗauka.

Kada kuma raunin nata ya sa a raina ta a cikin gida. Dalmar da ba za ta tsayar da ɓarawo ba tana fasa ido, tana shiga ƙoƙon kan yaro ta gefen kunne inda ƙashi ba shi da kauri, kuma an sha rasa rai ta haka a ƙasashen da ta yawaita. Ni a ganina ta nan ta fi ta albarushi hatsari, domin ita waccan kowa yana tsoronta, ana kulle ta, wannan kuwa ana jingine ta a bayan ƙofa a ce ai ta iska ce. In ta kuskure abin da aka saita, dalmar tana iya tafiya mita 300 ko fiye, tana kuma dawowa in ta daki dutse ko siminti. A unguwanni masu cunkoso irin Tudun Wada ko cikin birni, inda katangarka ita ce ta maƙwabcinka, babu inda za ka harba ta lafiya. Gwangwanin dalmar ma a ɓoye shi. Yara suna sa ta a baki, kuma bayan abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ba sai an yi mana dogon bayani ba. A wanke hannu bayan an taɓa, a kuma yanke naman da ke kewaye da inda ta shiga kafin a sa a tukunya.

In aka ce in zaɓa wa mutum, ga yadda nake yi. Mai sito, mai gidan kaji, mai lambu a bakin Kubanni ko Galma da ƙananan ɓarna suka dama, ya nemi mai karyawa mai milimita 5.5 daga kamfanin da aka sani. Ta wadatar, ba ta jiran wutar lantarki, ba ta tayar da hankalin kowa. Mai tanki sai wanda ɓarnarsa ta yi yawa har yana harbi da dama a dare ɗaya, yana da halin sayen famfo da ajiyar zobba, yana kuma da haƙurin kula da ita. Maharbin gaske da ke shiga daji da rani, wanda Sarkin Baka ya san da zamansa, bindigar farauta ita ce tasa, ta iska ba za ta maye masa gurbinta ba. Wanda kuwa ba shi da gona ba shi da farauta, sha'awa ce kawai ko tsoro, ban ba shi shawarar ko ɗaya ba.

Ƙanen nawa ya sake zuwa bayan Sallah, ya tarar sito ya yi tsit. Ya tambaya ko zan ba shi aro ya kai Samaru, ɓeraye sun dame su a gida. Na ce masa lasisin da sunana aka rubuta shi da lambar bindigar, ba ya bin ta zuwa hannun wani, gidan da yake haya kuma ɗaki takwas ne da yara a tsakar gida. Na haɗa shi da tarkuna biyu da 'yar kyanwa daga cikin waɗanda aka haifa a gonar.